Bakan gizo, zaren layi ko hannun mai zane: da wanne za ka nuna gudun jini?

Wani ɗalibin injiniya mai aikin kammala digiri ya same ni a Tudun Wada da takarda a hannu, ransa a ɓace. Wata uku ya shafe yana sa kwamfuta ta lissafa masa yadda jini ke gudu a cikin jijiyar wuya, daidai inda ta rabu biyu kafin ta haura ƙwaƙwalwa. A fuskar kwamfutar hoton ya fito gwanin sha'awa, ja da rawaya da kore da shuɗi kamar bakan gizo. Da ya kai wa masu fotokwafi suka buga masa baƙi da fari, sai ga inda jini ya fi gudu da inda ya kusa tsayawa duk sun koma duhu iri ɗaya. Ya ce, "Malam, to yanzu yaya zan yi?"

Tambayarsa ta shafi duk wanda zai tsaya gaban ɗalibai, ko likitoci, ko iyayen mara lafiya, da niyyar nuna musu abin da ke faruwa a cikin jijiya. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko ka ɗauki hoton yadda manhaja ta ba ka, ko ka sa kwamfuta ta zana shi da dabarun masu zane, ko kuma ka miƙa wa mai zane ya yi da hannunsa. Ina da wadda nake fifitawa, kuma zan faɗa, amma kowacce akwai ranarta.

Akwai abin da ya kamata a fara ganewa. Kwaikwayon gudun jini, wato lissafa shi a kwamfuta, ba ya haifar da hoto. Ana ɗaukar hoton cikin jikin mutum da na'urar CT ko MRI, a tsamo siffar jijiyar daga ciki, a rarraba cikinta gida-gida ƙanana, dubbai har miliyoyi, sannan kwamfuta ta warware lissafin motsin ruwa da ake kira Navier-Stokes a kowane gida. Abin da ke fitowa tarin lambobi ne: a wannan gida, a wannan ɗan lokaci na bugun zuciya, jini na gudu kaza, ya nufi nan, matsinsa kaza. Duk hoton da ka gani bayan haka, wani ne ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a ɓoye. Saboda haka kada a ce maka hoton manhaja shi ne gaskiya tsantsa, na mai zane kuwa ado ne. Dukansu zaɓi ne. Bambancin kawai, a na farko wanda ya rubuta manhajar ne ya zaɓa maka tun kafin ya san aikinka.

Hoton manhaja yana da alherinsa, kuma ba ƙarami ba. Ba ya cin lokaci. Idan ka yi lissafinka da manhajar SimVascular ko OpenFOAM, ka buɗe sakamakon a manhajar ParaView, dukansu kyauta ne, cikin minti kaɗan ka samu abin nunawa. Kowane launi ɗaure yake da lamba, ga ma'auni a gefe, mai duba aikinka zai iya cewa nan gudun ya kai mita ɗaya a sakan, can rabin haka. Kana iya juya jijiyar ta kowane ɓangare. Idan ka gyara lissafi, hoto ya gyaru da kansa.

Matsalar ta fi yawa a launi. Ido ba ya jera launukan bakan gizo daga ƙarami zuwa babba. Tambayi kowa a Kasuwar Barci wanne ya fi yawa tsakanin kore da rawaya, ba zai ba ka amsa ba, domin tambayar ba ta da kai. Amma nuna masa ja mai haske da ja mai duhu, nan take zai ce wannan ya fi wancan. Bugu da ƙari, rawaya tana da haske fiye da maƙwabtanta, sai ta zana iyaka a inda babu iyaka, mai kallo ya ɗauka wani abu ya canza farat ɗaya, alhali gudun a hankali yake ƙaruwa. Akwai kuma mutane, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma ba za su ɗaga hannu a aji su faɗa maka ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2011 Michelle Borkin da abokan aikinta a Jami'ar Harvard ta Amurka sun gwada ɗaliban likita da hotunan jijiyoyin zuciya, suka ce su nemo wuraren da ke cikin haɗari. Da aka ba su jijiyar a siffarta mai zurfi da launin bakan gizo, kashi 39 cikin 100 suka gano. Da aka shimfiɗa jijiyar kamar taswira aka sauya launin, suka gano kashi 91. Lissafin bai canza ba, zanen ne ya canza.

Wani abu kuma ya fi damuna, domin ya shafi asibitocinmu kai tsaye. A littafin karatu, ja na nufin jijiyar da ke ɗauke da jini mai iska, shuɗi mai komawa zuciya. A na'urar sikanin Dofla mai auna gudun jini, yadda aka saba saita ta, ja na nufin jinin da ke tahowa wajen kan na'urar, shuɗi mai tafiya nesa da shi. A hoton kwaikwayo kuma ja na nufin sauri ko ƙarfi. Ma'aikaciyar jinya ɗaya, a rana ɗaya, za ta iya haɗuwa da ja mai ma'ana uku. Shi kuwa mara lafiya, ja a wurinsa haɗari ne, shuɗi lafiya. To a jijiyar wuya abin a juye yake. Wurin da kitse ya fi son taruwa shi ne inda gugar jini a bango ta yi rauni, inda jini ke dawowa baya yana kewaye. Duk wanda ya taɓa leƙa Kogin Kaduna daga kan gada a watan Agusta ya ga irinsa: tsakiya ruwa na tafe da ƙarfi, amma bayan ginshiƙin gadar yana juyi a wuri ɗaya, a nan kara da leda ke taruwa. Wannan wurin ne bakan gizo ke shafa wa shuɗi mai sanyi, launin da ke ce wa ido "wuce, babu komai a nan".

Rabin wannan ciwo yana da magani mai arha. Sauya launin zuwa guda ɗaya daga haske zuwa duhu, ko biyu masu haɗuwa a tsakiya. ParaView ma ta daɗe da barin bakan gizo a matsayin launin da take farawa da shi, mu ne muke komawa mu nemo shi saboda sabo. Sauran rabin kuwa launi ba ya maganinsa. Idan ka saki layukan gudu dubu a cikin kumburarriyar jijiya, abin da za ka gani taliya ce a tukunya. Na gaba sun rufe na baya, bango ya rufe su duka.

A nan hanya ta biyu ke shigowa, kuma ita nake so in daɗe a kai. Lambobin nan dai su ne ke jan alƙalami, amma ana koya wa kwamfuta ladabin masu zane. Masu bincike a Eindhoven ta ƙasar Holan da Magdeburg ta Jamus sun yi aiki mai yawa a kan haka, kuma dabarun ba baƙi ba ne ga wanda ya taɓa riƙe fensir.

Na farko, bango. Mai zane ba ya cika bangon jijiya da fenti, layin gefe kawai yake ja. Haka ake sa kwamfuta ta yi: ɓangaren da ke fuskantar mai kallo ya zama garau kamar gilashi, gefuna su yi kauri. Sai ka ga siffar jijiya kuma ka ga cikinta. Idan ana son nuna lanƙwasa, a sa gajerun layuka kusa-kusa a ɓangaren inuwa, ko ɗige-ɗige masu yawa inda ya yi zurfi, masu ƙaranci inda haske ke faɗa. Inda abin dubawa yake can ciki, a yanke taga a bangon, a bar kaurin yankan ya fito don a san yanka aka yi.

Na biyu, layukan gudu, waɗanda nake kira zare. Maimakon dubu, ashirin ko talatin. Na kusa ya fi kauri, na nesa ya sirance. Inda zare biyu suka gitta, na sama ya samu ɗan farin gefe da zai katse na ƙasa, kamar yadda ake nuna gada a kan titi a taswira. Wannan 'yar dabara kaɗai tana raba taliyar nan fiye da duk wata inuwa mai tsada. Kowane zare ya samu kan kibiya, ko ya fara da siriri ya ƙare da kauri, domin layi tsirara ba ya faɗa maka gaba jini ya nufa ko baya, kuma komawa bayan nan ita ce labarin. Sauri kuwa ana iya nuna shi da tsawon kibiya ko duhun layi, abin da fotokwafi ba zai kashe ba.

Masu ɗinkin hula da masu surfanin babbar riga sun san wannan ilimi tun kaka da kakanni. Da zare launi ɗaya suke fitar da aska takwas ta tashi daga jikin yadi, ta hanyar kaurin ɗinki da tazararsa da alƙiblarsa kawai. Idon mutumin Kaduna ya saba karanta layi. Ban ga dalilin da za mu tilasta masa karanta bakan gizo ba.

Amma akwai farashi. Yana cin lokaci. Sai ka fitar da siffar daga ParaView, ka shigar da ita manhajar zane ta Blender don layin gefe, wataƙila ka ƙarasa rubutu da kibiyoyi a manhajar Inkscape. Kuɗi ba za ka kashe ba, amma makonni za su tafi kafin hannunka ya faɗa, kuma idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi ga ɗaukewar wuta, haƙuri zai yi aiki. Sannan lambobi na raguwa: wanda ke son sanin ainihin adadin guga a wani ɗigo ba zai samu daga ɗige-ɗige ba.

Babban haɗarin kuwa yana wurin zaɓen zare. Kai ne ka ce daga nan za su fara. Idan ka dasa su duka a tsakiyar jijiya, za su wuce sumul, 'yar guguwar da ke gefe ba za ta taɓa bayyana ba. Idan ka dasa su duka a cikin guguwar, mai kallo zai zaci jinin gaba ɗaya juyi yake, alhali kaɗan ne daga cikinsa. Ba ka ƙara ƙarya ko ɗaya ba, amma ka karkatar. Abin da nake yi shi ne in dasa su da tazara daidai a mashigar jijiya, sannan in ƙara wasu a wurin da nake son nunawa, in bambanta su, in rubuta a ƙasan hoton cewa haka na yi.

Sai maganar lokaci. Zuciya mai bugu 75 a minti, kowane bugu sakan 0.8 ne, matsawar kanta wajen sakan 0.3. Guguwar da ke jijiyar wuya ba a tsaye take ba, tana girma tana raguwa cikin bugu ɗaya. Zaren da aka zana daga lokaci guda bai nuna hanyar da ɗigon jini ya bi a zahiri ba, ya nuna alƙiblar wannan ƙiftawar ido ce kawai. Don haka hoto ɗaya bai isa ba. Jera huɗu, ka sa ɗan zanen bugun zuciya a ƙasan kowanne da alamar inda ake.

Hanya ta uku ita ce mafi tsufa. Wajen 1513 Leonardo da Vinci a Italiya ya zana yadda jini ke kewaye a 'yan aljihunan da ke bayan marfin babbar jijiyar zuciya, ya ce wannan juyin ne ke taimaka wa marfin rufewa. Har ya rubuta yadda za a ƙera samfurin gilashi a zuba ruwa da ƙwayoyin ciyawa don a ga motsin. A 2014 masu bincike a Oksfod ta Ingila suka nuna irin wannan juyi a jikin mutum mai rai da na'urar MRI. A 1911 kuma Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe sashe na musamman don zanen likitanci a ƙarƙashin Max Brödel. Mu ma ba mu rasa hannu ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana yaye gwanaye, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da shi, ga na Barau Dikko a cikin garin Kaduna. Abin da nake fata shi ne a riƙa zama teburi ɗaya.

Hannu yana yin abin da kwamfuta ba ta yi. Yawancin kwaikwayon manyan jijiyoyi suna ɗaukar jini a matsayin ruwa bai ɗaya, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), babbar jijiyar zuciya kuwa ta kusa santimita 3, ba sa shiga hoto ɗaya sai mai zane ya haɗa su. A Najeriya, ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila a duniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro mai sikila da aka auna gudun jinin kansa da Dofla aka samu ya kai santimita 200 a sakan yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Uwa za ta ce, "Likita, ai gudun jini alheri ne, me ya sa sauri ya zama matsala?" Babu bakan gizon da zai amsa mata. Mai zane kuwa zai zana kan yaro, ya nuna jijiyar a mazauninta, ya nuna inda ta tsuke, ya ajiye hoton yatsa a bakin tiyo a gefe, ruwa na feshi. Ta gane: ƙuncin hanya ne ya kawo saurin.

Rauninsa shi ne hannu yana son kyau. Guguwa karkatacciya zai daidaita ta, zaren da ya yi gardama zai lallashe shi, kibiyar da ba ta cikin lissafi zai ƙara ta don cike gurbi, ba da mugun nufi ba. Idan kuma lissafi ya canza, sai a sake zama daga farko, a sake biya. Sharaɗin da nake gindayawa ɗaya ne: a buga masa zaren kwamfuta ya ɗora takardarsa a kai ya bi. Yana da izinin ragewa, yana da izinin kawo jiki da fuska da misali a kewaye, amma a cikin jijiya ba zai ƙara layin da lissafi bai ba shi ba.

To, wanne za ka ɗauka? Idan aikinka zai je gaban masu jarrabawa ko mujallar bincike, ko likitan da zai kwatanta jijiyar wannan da ta wancan, tsaya a hoton manhaja, ka gyara launi, ka bar ma'auni a bayyane, kuma ma'auni ɗaya ga duk hotunan da za a gwama. Idan bayani ne ga mara lafiya da danginsa, ko takardar wayar da kai da za a liƙa a asibitin unguwa a Rigasa ko Kawo, nemi mai zane, da sharaɗin nan. Ga duk abin da ke tsakani, wato aji, littafin koyarwa, taron ƙara wa juna sani, hoton da zai yawo a waya, ni hanya ta biyu nake ba da shawara ba tare da shakka ba. Majigi a ɗakin da rana ke shigowa yana wanke launi, amma baƙin layi yana nan. WhatsApp yana matse hoto ya dagula inuwa, layi mai kauri yana tsira. Takardar darasi kuwa kowa ya san baƙi da fari za a buga ta.

Ina da wani dalili da ya fi waɗannan nauyi a zuciyata. Kwaikwayo ƙiyasi ne. Sau da yawa ana ɗauka bangon jijiya ba ya motsi, alhali yana buɗewa yana tsukewa da kowane bugu. Sau da yawa adadin jinin da ke shiga ba daga jikin mutumin aka auna ba, daga ma'aunin wasu aka aro. Hoto mai sheƙi, mai jan jini da ƙyallin tsoka, yana sa mai kallo ya ɗauka kyamara aka tura cikin jikinsa. Na taɓa ganin dattijo ya kalli irin wannan bidiyo ya dafe ƙirji ya ce, "Ashe haka cikina yake." Ba cikinsa ba ne, lissafi ne a kan jijiyar wani. Zanen layi kuwa da ganinsa ka san bayani ake maka, kamar yadda malami ke zane a allo. Yana barin ƙofar tambaya a buɗe.

Ɗalibin nan kuwa, hanya biyu muka haɗa masa. A babin sakamako ya bar hotunan manhaja, launi ɗaya daga fari zuwa baƙi, inda gugar ta yi rauni shi ya fi duhu, ya kuma rubuta haka a ƙasa. A shafin farko na bayaninsa kuma muka yi zane guda: layin gefen jijiyar, zare ashirin da huɗu, shida daga ciki masu kauri suna juyawa baya a kumburin reshen da ke zuwa ƙwaƙwalwa, a jere sau huɗu bisa bugun zuciya. Kwana tara ya ɗauke shi. Ya koma shagon fotokwafin nan aka buga masa kwafi biyar, ya miƙa ɗaya ga yaron da ke kan injin, wanda bai taɓa karatun likita ba, ya ce ya nuna masa inda jinin ke komawa baya. Yaron ya ɗora yatsa a kan wurin.